Darasin Kimiyya: Alamar da Ke Jikin RNA da Makomar Mai Sankarar Kaluluwa

Ɗalibai, tambaya ɗaya za mu bi yau. Mutum biyu sun zo asibiti da sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma. An duba namansu a madubin likita, an ga kamarsu ɗaya. An yi musu allura iri ɗaya har zagaye shida. Ɗaya ya warke ya koma neman abincinsa, ɗayan kuwa shekara ba ta zagayo ba cutar ta dawo masa. Me ya raba su? Amsar tana da rassa da yawa. Reshen da za mu kama sabo ne, don sai daga 2011 masana suka duƙufa a kansa: wata 'yar alamar sinadari ce da jiki ke ɗorawa a kan RNA. Amma bari mu fara daga cutar kanta.

Kaluluwa da sankararta

Babu wanda bai san kaluluwa ba. Ƙafa ta yi rauni ya ruru, sai ka ji ƙullutu a matsematsi. Haƙori ya yi ciwo, sai ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi. Akwai ɗaruruwansu a jiki, a wuya da hammata da cikin ƙirji da ciki, kuma cike suke da wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosayit, waɗanda suka kasu gida biyu, B da T.

Ku mai da hankali kan na B, domin mafi yawan limfoma daga gare su take fitowa, kuma akwai dalili. Idan cuta ta shiga jiki, ƙwayoyin B sukan taru a tsakiyar kaluluwa su yi ta rabuwa da sauri, suna kuma sauya wani yanki na DNA ɗinsu da gangan, don su ƙera sinadarin kariya da zai dace da wannan cutar daidai. Aiki ne mai amfani, amma ganganci ne. Duk inda ake yanka DNA ana ɗinkewa, wata rana za a ɗinke ba daidai ba. Ƙwayar da aka yi wa mummunan ɗinki, in ta ƙi mutuwa ta ci gaba da hayayyafa, ita ce mafarin sankara.

Limfoma iri-iri ce, ta fi sittin. An raba ta gida biyu manya: wadda ke ɗauke da sunan Thomas Hodgkin, likitan Ingila da ya bayyana ta a 1832, da sauran duka da ba ita ba. A cikin sauran nan, wadda ta fi yawa ga manya ita ce DLBCL, limfoma mai manyan ƙwayoyin B, kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga yaran Afirka kuwa, wadda muka fi sani ita ce ta Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni. Denis Burkitt ne ya bayyana ta a Uganda a 1958. A jikinta aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, kuma ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Mummunan ɗinkin da ke haddasa ta sananne ne: ƙwayar gado mai suna MYC, mai ingiza ƙwayar halitta ta girma ta rabu, takan tashi daga kuromosom na 8 ta koma, galibi, na 14, kusa da wurin da ba ya hutawa a ƙwayar B. Ku riƙe sunan MYC, za mu sake haɗuwa da ita.

Nijeriya tana da hannu a wannan tarihi. A Ibadan, a 1963, R. J. V. Pulvertaft ya raya ƙwayoyin limfomar Burkitt da aka samu daga wani yaro ɗan shekara 11, kuma har yau ana amfani da zuriyarsu a ɗakunan bincike na duniya da sunan Raji. A Ibadan ɗin dai Victor Ngu ya yi aikin maganin cutar da allurai, aikin da ya sa ya shiga cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker a 1972.

Saƙo da alamar da ke jikinsa

Ku tuna abin da muka riga muka sani. DNA tana zaune a cibiyar ƙwayar halitta, ba ta fita. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafi yankin da ya shafe shi a matsayin RNA mai kai saƙo, wato mRNA, ya fita ya je inda ake harhaɗa furotin. Haruffan RNA huɗu ne: A, U, G, C.

An daɗe ana ɗauka cewa mRNA ɗan aike ne kawai, abin da aka ba shi yake kaiwa. Ashe ana yi masa shaida a hanya. Ku je kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi da ke nan Gombe ku duba buhunan masara: abin da ke ciki ɗaya ne, amma shaidar da aka zana a jikin buhu ita ke gaya wa ɗan dako wanne zai loda a mota yanzu, wanne zai kai sito, wanne za a ware. Haka abin yake ga mRNA. Jerin haruffan bai canja ba, amma shaidar da ke jikinsa tana yanke ko za a karanta shi sosai, ko a adana shi, ko a farfasa shi.

An san ire-iren shaidar nan fiye da 150 a RNA daban-daban. Wadda ta fi yawa a cikin jikin mRNA ita ce m6A. Ga yadda take: a ɗauki ƙwayar zarra ɗaya ta kabon da uku na haidurojin, wannan ƙulli shi ne metil. A liƙa shi a jikin naiturojin da ke maƙale a gurbi na shida na harafin A. Shi ke nan. Ba kowane A ake yi wa ba. Ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma galibi A ɗin da ke cikin jeri irin GGACU ne, kusa da inda saƙon ke ƙarewa.

Tun 1974 aka ga m6A, amma kusan shekara arba'in ba a san me za a yi da ita ba. Abu biyu suka tayar da maganar. A 2011, ɗakin binciken Chuan He a Jami'ar Chicago ya nuna cewa wani furotin, FTO, yana iya cire alamar. In ana sawa ana cirewa, ashe ba ado ba ce, hanyar sarrafawa ce. A 2012 kuma ƙungiyoyi biyu, ta Samie Jaffrey a New York da ta Gideon Rechavi a Isra'ila, suka fitar da hanyar gano inda alamar take a dubban mRNA a lokaci ɗaya.

Masu rubutawa, masu gogewa, masu karantawa

Furotin da ke kula da m6A su ake kira masu sarrafa ta, kuma masana sun kasa su uku bisa aikinsu.

Masu rubutawa ƙungiya ce. METTL3 shi ke ɗora metil ɗin, yana karɓo shi daga wani sinadari mai suna SAM. METTL14 ba ya ɗorawa da kansa, riƙe RNA yake yi ya daidaita shi. WTAP kuma shi ke kai su biyun inda aiki yake. Masu gogewa biyu ne kacal da aka tabbatar: FTO, da ALKBH5 da aka bayyana a 2013. Shi FTO tun 2007 aka san ƙwayar gadonsa saboda alaƙarta da ƙiba, kafin kowa ya san yana taɓa RNA.

Masu karantawa su suka fi ba ɗalibi wahala, kuma su ne zuciyar darasin. Alamar ita kaɗai ba ta yin komai, sai wanda ya kama ta. Idan YTHDF2 ne ya kama, zai ja mRNA ɗin zuwa inda za a farfasa shi, furotin ya ragu. Idan ɗaya daga cikin IGF2BP1, 2 ko 3 ne ya kama, zai kare shi ya daɗe, furotin ya ƙaru. Alama ɗaya, sakamako biyu masu karo da juna. A 2018 aka nuna cewa cikin saƙonnin da dangin IGF2BP ke karewa har da na MYC. Kun ga inda zaren ya haɗu: ƙwayar sankara ba sai ta sake lalata DNA ba kafin ta ƙara MYC, ya ishe ta ta tsawaita ran saƙon.

Kada ku ɗauka an gama daidaitawa a kan komai. Har yanzu ana jayayya a kan ko YTHDF1, 2 da 3 kowanne da aikinsa ne ko duk aiki ɗaya suke yi, ana kuma jayayya a kan ainihin alamar da FTO ya fi gogewa a cikin jiki. Littafin da ya ba ku jadawali tsaf ba tare da ya faɗi wannan ba, ya rage muku wani abu.

Yadda likita ke hasashen makoma

Hasashe a nan ba duba ba ne, kuma ba sanin ajali ba ne, wannan na Allah ne. Lissafi ne: a cikin mutum ɗari masu irin wannan hali, nawa suka kai shekara biyar? Amfaninsa shi ne a san wanda maganin da aka saba zai ishe shi da wanda yake bukatar ƙari.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi ga DLBCL shi ne IPI, wanda aka fitar a 1993 daga bayanan majiyyata fiye da 2,000. Abu biyar ake dubawa, kowanne maki ɗaya: shekaru sun haura 60, sinadarin LDH ya hau a jini, cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu, ta kama fiye da wuri ɗaya a wajen kaluluwa, majiyyaci ya kasa yin aikinsa na yau da kullum.

Mu gwada. Mu ƙaddara wani tela ne a unguwar Kumbiya-Kumbiya, ɗan shekara 45, ƙullutu a wuya da hammata kawai, duk a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki, don haka mataki na biyu. LDH daidai, yana zuwa shago. Makinsa sifili. Mu ƙaddara kuma wani dattijo ɗan shekara 66, cutar ta kai hanta da ɓargo, LDH ya hau, yawancin yini a kwance yake. Makinsa biyar. A alƙaluman 1993, masu maki sifili ko ɗaya kashi 73 cikin ɗari sun kai shekara biyar, masu maki huɗu ko biyar kashi 26. Alƙaluman sun inganta bayan zuwan maganin rituximab a 1997, wanda aka haɗa da tsofaffin magunguna huɗu aka sami R-CHOP. Da shi kimanin kashi 60 na masu DLBCL ke warkewa.

Ragowar kashi 40 ɗin nan su ne matsalar, domin IPI ba ya iya nuna su duka tun farko. Yana auna majiyyaci da yaɗuwar cutar, ba ya leƙa cikin ƙwayar sankarar. A 2000, Ash Alizadeh da abokan aikinsa suka auna mRNA na dubban ƙwayoyin gado suka ga DLBCL aƙalla cuta biyu ce da ke kama da juna a madubi, ɗaya ta fi ɗaya jin magani. Binciken m6A ɗorawa ne a kan wannan hanya.

Abin da aka gani a limfoma

Tsarin irin wannan bincike kusan ɗaya ne. A samo naman majiyyata da aka san yadda suka ƙare. A auna yawan METTL3 ko WTAP ko YTHDF2 a kowanne. A raba su gida biyu, masu yawa da masu kaɗan. Sai a zana layi biyu da ke nuna kashi nawa ke raye wata bayan wata, bisa hanyar Kaplan da Meier ta 1958. In layukan suka rabu sosai, sai a ce abin yana da alaƙa da makoma.

A 2019 wasu masana a Sin suka yi haka da wani nau'i mai wuyar magani da ake kira MCL, da bayanan majiyyata fiye da ɗari, suka haɗa masu sarrafa m6A da dama a ma'auni ɗaya da ya raba masu daɗewa da waɗanda ba su daɗe ba. A DLBCL an ruwaito cewa METTL3 yana da yawa fiye da a lafiyayyar kaluluwa, kuma in aka rage shi a ƙwayoyin gwaji sai hayayyafarsu ta ja baya.

Wanda na fi so ku fahimta shi ne aikin da ya fito a mujallar Blood a 2021, don ya bi sarƙar daga farko zuwa ƙarshe. Wani guntun RNA mai suna piRNA-30473 yana ƙara WTAP. WTAP ya ƙara alamar m6A a saƙon HK2. Saƙon ya sami kariya, furotin HK2 ya yawaita. To, mene ne HK2? Shi ke ɗaukar matakin farko na ƙona sukari a ƙwayar halitta, kuma sankara mayunwaciyar sukari ce. Majiyyatan da wannan guntun RNA ya yi yawa a namansu ba su daɗe kamar sauran ba. Ku lura da wani abu: LDH da ke cikin IPI tun 1993 yana ƙarshen wannan hanyar ƙona sukarin ne. Tsohon gwajin jini da sabon gwajin RNA, ashe hanya ɗaya suke leƙawa ta ƙofa biyu.

Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye. A 2019 ɗakin binciken Erle Robertson a Jami'ar Pennsylvania ya nuna cewa wani furotin na ƙwayar cutar Epstein-Barr, EBNA3C, yana ƙara METTL14 a ƙwayar da ya kama. Wato ƙwayar cutar da ke tare da kusan duk limfomar Burkitt ta yaran Afirka ta san hanyar murɗa wannan na'ura.

Magani fa? A 2021 masana a Cambridge suka nuna cewa STM2457, mai toshe METTL3, ya tsawaita ran ɓeraye masu wani nau'in sankarar jini. Ɗan'uwansa STC-15 ya shiga gwajin farko a jikin mutane a 2022. Gwaji ne, ba magani ba ne da ake rubuta wa mai limfoma.

Inda ya kamata a taka birki

Ra'ayina shi ne a karanta wannan fanni da zumuɗi kaɗan, da tambaya mai yawa. Na farko, tafiya tare ba ita ce haddasawa ba. Sankarar da ke rabuwa da sauri tana ƙara kusan komai da ya shafi RNA, don haka yawan METTL3 yana iya zama hayaƙi ne kawai, wutar tana wani wuri. Na biyu, yawan saƙon METTL3 ba shi ne yawan alamar m6A ba, amma bincike da yawa na farkon suke aunawa su yi magana a kan na biyun. Na uku, in ka gwada abu ashirin a kan mutum ɗari, da wuya ka rasa wanda zai raba layukan bisa katari. Shi ya sa ake neman a maimaita a wasu majiyyatan daban, a kuma nuna cewa sabon ma'aunin ya ƙara wani abu a kan IPI. Ga kuma fuska biyu: METTL14 yana taimakon sankarar jini ta AML, amma a sankarar hanta an ga kamar danne ta yake yi.

Na huɗu shi ya fi damuna. Rumbunan bayanan da ake ta juyawa kusan duk daga Amurka, Turai da Sin suke, kuma wasu ƙanana ne. Na DLBCL a shirin TCGA na Amurka bai kai mutum 60 ba. Majiyyacinmu yana zuwa ne da tarihin zazzaɓin cizon sauro, da Epstein-Barr tun yarinta, wani lokacin da cuta mai karya garkuwar jiki. Ma'aunin da aka gina ba da shi ba, sai an gwada shi a kansa kafin a yarda. Zuwa yau babu asibitin da ke yanke wa mai limfoma magani bisa m6A a matsayin ƙa'ida.

Daga Kumbiya-Kumbiya zuwa ɗakin gwaji

Mu dawo gida. Kaluluwar da ta biyo bayan rauni tana da zafi, tana sacewa cikin mako biyu ko uku. Wadda ake tsoro ita ce marar zafi, mai tauri kamar roba, mai ƙaruwa bayan wata guda, musamman in ta zo da zazzaɓi marar dalili, da gumin dare mai jiƙa riga, da ramar da ta wuce kashi 10 na nauyin jiki cikin wata shida. Waɗannan alamun duka tarin fuka, wato tibi, ma yana kawo su, kuma shi ya fi yawa a wurinmu. Shi ya sa a Afirka ba sabon abu ba ne mai limfoma ya sha maganin tibi na watanni kafin a gane. Wani kuma wurin wanzami zai fara zuwa a yi masa tsaga. Mafi ɓarna shi ne ƙwayar dexamethasone ko prednisolone daga kemis, irin wadda ake sha don ƙiba: tana narkar da ƙullutun na ɗan lokaci, mutum ya ce ya warke, kuma tana iya rikita naman har mai duba shi ya kasa gane cutar.

Hanyar da ta dace gajeriya ce a faɗa. Daga asibitin unguwa a tura mutum babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, a ciro kaluluwar, an fi son ɗungurungum. A tsoma ta a fomalin nan take. A ɗakin gwaji za a busar da ruwanta, a daskarar da ita cikin kakin farafin, a fere ta siriri har haske ya ratsa, a rina, a duba. Sai kuma rini na musamman mai neman furotin irin su CD20, wanda shi ne abin da rituximab ke kamawa. Ba tare da wannan ba, ba a ma san irin limfomar ba, balle makomarta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su kai kashi 30 ba. Ba METTL3 ne ya kawo wannan tazara ba. Jinkirin zuwa ne, da tsadar magani, da yankewa a zagaye na uku don kuɗi sun ƙare ko don ƙullutun ya sace.

Duk da haka akwai aikin da za a iya yi daga nan. RNA abu ne mai saurin lalacewa. Auna m6A kai tsaye yana son nama da aka daskarar a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, da wutar da ba ta ɗaukewa. Furotin kuwa yana jure zama a kakin farafin shekara da shekaru, kuma rinin da ke nuna CD20, irinsa ne zai nuna METTL3 ko WTAP. Abin da ya fi rinin wuya shi ne ɗaya ɓangaren lissafin: a san wa ya gama zagaye shida, wa ya koma ƙauye, wa ke raye bayan shekara biyu. Wannan aikin rajista ne da lambar waya da bin sawu, kuma ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe zai iya sa hannu a cikinsa.

Aikin gida: mace 'yar shekara 62, cutar tana wuya da matsematsi, LDH ya hau, ba ta kama ko'ina a wajen kaluluwa ba, tana harkokinta. Ku fitar da makinta na IPI. Sannan ku bayyana, cikin layi biyar, abin da zai sami furotin MYC in aka rage YTHDF2, da abin da zai same shi in IGF2BP aka rage.